Abraham-Louis Breguet: Maƙerin agogon da 'yan jabu suka addaba tun yana raye

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mai sayar da agogo ya san irinsu: agogo mai sheƙi, ɗauke da sunan babban kamfanin Turai a fuskarsa, amma farashinsa bai kai na buhun shinkafa ba.

Wasu na saye cikin rashin sani. Wasu kuwa da saninsu suke biya, har ma akwai waɗanda suka mayar da tara irin waɗannan kwafi abin sha'awa, suna tantance wanda ya fi kama da na asali.

Wannan harka ta daɗe. Fiye da shekara 200 da suka wuce, an yi wani maƙerin agogo a birnin Paris da sunansa ya yi tsada, har masu jabu suka riƙa buga shi a kan agogunan da bai taɓa gani ba. Sunansa Abraham-Louis Breguet.

Shi ne ya ƙirƙiro ko ya inganta abubuwa da dama da ke cikin agogon alfarma na yau. Shi ne kuma ya fito da wata dabara ta ɓoye sa hannunsa a jikin agogo domin tona asirin 'yan kwaikwayo. Agogonsa mafi shahara kuwa, wanda aka yi odarsa domin sarauniyar Faransa, sai da aka sace shi, har aka fara ƙera kwafinsa kafin na asalin ya sake bayyana.

Agola a gidan masu agogo

An haifi Breguet ranar 10 ga watan Janairun 1747 a Neuchâtel, wani gari a bakin tafki da ke cikin ƙasar Switzerland ta yau. A wancan lokacin garin na ƙarƙashin sarkin Prussia.

Mahaifinsa ya rasu a 1758, yaron na da shekara 11. Mahaifiyarsa ta sake aure, ta auri Joseph Tattet, wanda danginsa masu sana'ar agogo ne kuma suna kasuwanci da Paris. Haka Breguet ya zama agola a gidan masu agogo, kuma ta nan sana'ar ta shigo rayuwarsa.

A 1762, yana ɗan shekara 15, aka tura shi Faransa koyon aiki, tsakanin Versailles inda fadar sarki take da kuma birnin Paris. Da rana yana kan benci yana fama da ƙarfe, da yamma ya tafi Kwalejin Mazarin ɗaukar darasin lissafi wurin wani malamin coci mai suna Abbé Marie.

Lissafin ya ba shi abin da yawancin yaran shago ba su da shi. Yana iya gano dalilin da ya sa agogo ke gudu ko yake ja baya, maimakon ya tsaya ga maimaita abin da ya ga maigidansa na yi.

Malamin kuma mutum ne mai shiga fada, domin shi ya koyar da 'ya'yan ƙanin sarki. Ta hannunsa ne manyan gari suka fara jin sunan matashin.

Shago a bakin kogi

A 1775 Breguet ya auri Cécile L'Huillier, 'yar wani gida mai rufin asiri a Paris, ya kuma buɗe shagonsa a titin Quai de l'Horloge, a kan tsibirin da ke tsakiyar kogin Seine. Unguwa ce ta maƙeran agogo da zinariya da kayan awo.

Shekara guda bayan haka aka haifa masa ɗa, Antoine-Louis, wanda daga baya zai gaje shi. Matar ta rasu a 1780.

Agogon aljihu na zamanin yana da kauri da nauyi, an cika shi da ado, kuma kullum sai an murɗa shi da ɗan makulli. Breguet ya bi waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya.

Wajajen 1780 ya fara sayar da agogon da ke ɗaure kansa da kansa. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai nauyi da ke lilo duk lokacin da mai agogon ke tafiya, lilon kuma shi ke matse sifirin. Wasu sun riga shi wannan tunani, amma a hannunsa ne abin ya zama wanda za a iya dogara da shi. Sarauniya Marie-Antoinette na cikin waɗanda suka mallaki irinsa.

A 1783 ya sauya yadda agogo ke buga lokaci. Kafin wutar lantarki, masu hali na amfani da agogon da idan aka danna shi a cikin duhu zai buga awa da ƙararrawa. Ƙararrawar na cin wuri, don haka Breguet ya maye gurbinta da wata waya ta ƙarfe da ke zagaye injin, ƙaramar guduma na dukanta. Agogon ya zama siriri, sautin kuma ya fi daɗi.

A shekarar ce kuma ya fito da siraran hannayen agogo na shuɗin ƙarfe, masu ɗan zobe kusa da baki, da lambobi masu ɗan karkata. Har gobe a harkar agogo ana kiran su hannayen Breguet da lambobin Breguet, ko da wane kamfani ya yi su.

A 1790 ya magance abin da ya fi kashe agogo, wato faɗuwa. Ya ɗora tsinin zoben da ke lilo a cikin injin a kan wani ɗan sifirin da ke shanye bugun. Kariyar da ke cikin agogunan inji na yau jikar wannan dabara ce.

Odar da ba a sa mata iyaka ba

A 1783 aka kawo masa wata oda da babu irinta. Ta zo ne ta hannun wani hafsa a cikin dogaran sarauniya, kuma domin Marie-Antoinette za a yi agogon.

Sharuɗɗan su ne a sa duk wata fasaha da aka sani a lokacin, a yi amfani da zinariya a duk inda za ta iya maye gurbin tagulla, kuma ba a ƙayyade kuɗi ko ranar gamawa ba.

A kundin shagon an ba shi lamba 160. An tsara shi ya riƙa ɗaure kansa, ya buga awa da minti, ya nuna rana da wata ba tare da ya rikice a shekara mai kwana 366 ba. Yana nuna bambancin da ke tsakanin lokacin agogo da ainihin tsayuwar rana, yana auna zafi da sanyi, yana kuma nuna ƙarfin da ya rage a sifirinsa.

An yi fuskarsa da wani dutse garai-garai kamar gilashi, domin mai shi ya riƙa kallon injin yana aiki. Ɓangarorinsa 823 ne.

Aikin na tafiya a hankali sai ƙasar ta kama da wuta.

Gudun tsira

Juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789. A watan Janairun 1793 aka fille kan Sarki Louis na 16, a ranar 16 ga watan Oktoban shekarar kuma aka fille na Marie-Antoinette. Ba ta taɓa ganin agogonta ba.

Ga mutumin da kundin cinikinsa ke cike da sunayen 'yan gidan sarauta, zama a Paris ya zama kasada. Labarin da ya shahara shi ne cewa Jean-Paul Marat, ɗaya daga cikin masu zafin ra'ayin juyin, wanda shi ma haifaffen yankin Neuchâtel ne kuma tsohon abokinsa, shi ya taimaka masa da hanyar fita.

A 1793 Breguet ya tsallaka Switzerland tare da ɗansa. Ya zauna a Geneva, da Neuchâtel, da Le Locle, garin maƙeran agogo a tsaunukan Jura.

Shekara biyun da ya yi a can ba su tafi a banza ba. Babu manyan abokan ciniki da ke matsa masa, saboda haka ya samu sararin tunani da zane. Yawancin abubuwan da suka ɗaukaka sunansa daga baya a wannan zama ya tsara su.

Da ƙura ta lafa ya koma Paris a 1795, yana ɗan shekara 48. Ya tarar shagon ya durƙushe, tsofaffin abokan cinikinsa kuwa wasu an kashe su, wasu sun gudu. Ya kuma dawo ya fuskanci wata matsalar da sunansa ya jawo masa.

Yadda aka riƙa satar sunansa

A wancan zamani ba a ƙera agogo a ƙarƙashin rufi ɗaya. A Geneva da ƙauyukan Jura, wannan gida na yin ƙafafun inji, wancan na yin gidan agogo, wani kuma na zana fuska. Ɗan kasuwa ya sayi ɓangarorin, a haɗa masa, sannan ya sa a rubuta duk sunan da ya san zai fi tafiya a kasuwa.

Sunan da ya fi tafiya shi ne Breguet. Aka riƙa fitar da agoguna masu inji na gama-gari, an rubuta Breguet à Paris a jikinsu, ana kai su Jamus da Rasha da Turkiyya da sauran wuraren da mai saye ba shi da hanyar tantancewa.

Babu kotun da zai kai ƙara ta biya masa buƙata. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta farko kan kare sunan kaya da ƙirƙira, wadda aka ƙulla a Paris, sai a 1883 ta zo, shekara 60 bayan rasuwarsa.

Asarar ta fi ta kuɗi. Duk wanda ya sayi na jabu ya lalace masa a wata uku, sunan Breguet zai zaga, domin shi ya gani a rubuce.

Maganin da ya samo a 1795 shi ne sa hannun ɓoye. Ana amfani da wata na'ura mai tsini da ke bin babban rubutu tana ƙanƙanta shi, ta karce sunansa da lambar agogon a kan fuskar. A fuska mai ruwan tangaran, ƙarƙashin lamba 12 ake yin sa.

Idan aka kalli agogon kai tsaye ba a ganin komai. Sai an karkata shi haske ya bugo daga gefe, an kuma sa gilashin ƙara girma, sannan rubutun ya fito. Mai jabu da ke neman riba cikin gaggawa ba shi da na'urar, ba shi kuma da haƙurin.

Kariya ta biyu ta ma fi ta farko ƙarfi, wato kundi. Tun daga 1787 kowane agogo da ya fita daga shagon na da lambarsa, kuma ana rubuta siffarsa, da ranar da aka sayar, da wanda ya saya, da kuɗin da ya biya. Idan an dawo da shi gyara, shi ma sai an rubuta.

Waɗannan kundaye na nan har yau a gidan tarihin kamfanin da ke dandalin Vendôme a Paris. Da su ake raba gardama idan tsohon agogo mai sunan Breguet ya shigo kasuwar gwanjo. Masana sun daɗe da sanin cewa tsofaffin na jabu sun fi na gaske yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa rubutun Breguet à Paris ke sa su ɗaga gira. Kama da wane dai ba wane ba ce.

Agogo mai hannu ɗaya

Breguet ya gane cewa 'yan jabu na cin kasuwa ne saboda akwai masu son aikinsa da ba su da kuɗin 'yan sarauta. Shi kansa kuma yana buƙatar jari.

Sai ya fito da wani agogo mai sauƙi, babba, mai hannu ɗaya tak da ke nuna awa, ana kuma iya kimanta minti daga inda hannun ya tsaya. Injinsa ba shi da tarkace, ga ƙarko, kuma kowane mai gyara na iya buɗe shi.

A 1797 ya buga takardar talla ya bayyana tsarin sayensa: mai so ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ya cika sauran idan an gama. Da kuɗin masu oda yake sayen kayan aiki. An yi kimanin guda 700, kuma suna cikin agogunan farko da suka ɗauki sa hannun ɓoye.

Daga nan ƙofa ta sake buɗewa. A 1798 ya nuna wani agogon tebur mai gurbi a samansa, inda ake ɗora agogon aljihu da dare ya saita masa lokaci. A watan Afrilun shekarar, Janar Napoleon Bonaparte ya sayi agoguna uku a wurinsa kafin ya tafi yaƙin Masar.

A 1799 ya fara sayar da agogon da ake sanin lokaci da taɓawa. Yana da kibiya a waje da ƙusoshi a kewaye, mutum na iya laluba shi a aljihu ko a cikin duhu. A majalisar manya, fito da agogo a duba alama ce ta an gaji da mai magana. Joséphine, matar Napoleon, ta sayi ɗaya a 1800.

Kejin da ke juyawa

Zuciyar agogon inji wani ɗan zobe ne da ke lilo gaba da baya, siririn sifirin kamar gashi na dawo da shi. Tun a 1795 Breguet ya ɗaga zagayen ƙarshe na wannan sifirin ya lanƙwasa shi ciki, domin ya riƙa buɗewa da rufewa daidai ta kowane gefe.

Amma akwai sauran matsala. Agogon aljihu a tsaye yake wuni, kuma ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi na sa ya yi gudu idan ya karkata ta nan, ya ja baya idan ya karkata ta can.

Breguet bai yi ƙoƙarin kawar da kuskuren ba. Ya ɗauki zoben da sifirinsa da abin da ke sarrafa su, ya sa su a cikin wani ƙaramin keji da ke juyawa ba tsayawa. Da yake suna bi ta kowace fuska, gudun wani gefe na cinye jinkirin wani.

Ya sa masa suna turbiyon, kalmar Faransanci mai nufin guguwa. Ranar 26 ga watan Yunin 1801 gwamnati ta ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira ta shekara 10. Aikin na da wuya ƙwarai, guda 35 kawai aka sayar tsakanin 1805 da 1823.

Akwai labarin zumunci a cikinsa. John Arnold, babban maƙerin agogo na Landan, amininsa ne, har sun yi musayar 'ya'ya domin koyon aiki. Bayan rasuwar Arnold a 1799, Breguet ya ɗauki wani injin da marigayin ya ƙera ya sa masa turbiyon, ya ba ɗansa kyauta. Agogon na Gidan Tarihin Birtaniya.

Turbiyon na cikin abubuwan da masu jabu suka fi son kwaikwaya a yau. Yawanci rami kawai suke hudawa a fuskar agogo domin a ga zoben na lilo. Hanyar ganewa ba ta da wuya: a na gaske, kejin gaba ɗaya na zagayawa, galibi sau ɗaya a minti. Idan zoben na lilo ne a wuri ɗaya, ba turbiyon ba ne.

Agogon hannu na sarauniyar Naples

A zamanin Breguet maza a aljihu suke sa agogo, mata kuma su rataya a wuya ko a ƙugu. Ranar 8 ga watan Yunin 1810, Caroline Murat, ƙanwar Napoleon kuma sarauniyar Naples, ta yi odar agogon da za a ɗaura a hannu.

An ba shi lamba 2639, aka kuma miƙa shi a watan Disamban 1812. Siffarsa kamar ƙwai, yana buga lokaci, maɗaurinsa kuma an saƙa shi da gashi da zaren zinariya. Ana lissafa shi cikin agogunan hannu na farko da tarihi ya rubuta. Caroline ta sayi agoguna 34 daga shagon tsakanin 1808 da 1814.

Yaƙe-yaƙen Napoleon sun raba Turai gida biyu, amma Breguet na ciniki da kowane ɓangare. Janar Wellington na Ingila, wanda ya ci Napoleon da yaƙi a Waterloo a 1815, abokin cinikinsa ne. Haka ma yariman Ingila da ya zama Sarki George na 4.

A 1808 ya buɗe reshe a St Petersburg, amma bayan shekara uku aka rufe shi da dangantaka ta yi tsami tsakanin Rasha da Faransa. Duk da haka Sarki Alexander na 1 ya ziyarci shagon da ya shiga Paris a 1814. A harshen Rashanci sunan ya zama sunan duk wani agogon aljihu mai kyau, kamar yadda Bahaushe ke kiran kowane garin sabulu Omo.

Wata babbar kasuwarsa ita ce Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Esseid Ali Effendi, wanda ya yi jakadanci a Paris, ya ci gaba da aiko da oda bayan ya koma Istanbul, har da wadda aka yi wa Sultan Selim na 3. Domin wannan kasuwa Breguet ya riƙa yin agoguna masu lambobin Turkawa da ado mai launi, saɓanin salonsa na rashin ƙawa.

Girmamawa da rasuwa

A 1807 ya sa ɗansa a harkar, sunan shagon ya koma Breguet da Ɗansa. A 1814 aka naɗa shi a hukumar Faransa mai kula da lissafin taurari da tafiyar teku, a 1815 kuma Sarki Louis na 18 ya naɗa shi maƙerin agogon rundunar sojin ruwa.

Muƙamin na da nauyi. Matuƙin jirgin ruwa na gane inda yake ne ta hanyar kwatanta lokacin wurin da yake da na tashar da ya baro. Kuskuren minti huɗu na nufin kuskuren digiri ɗaya, wato fiye da kilomita 100 a tsakiyar duniya. Agogo mara kyau na iya kai jirgi kan dutse.

A 1816 ya shiga Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, a 1819 kuma aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Matasa daga ƙasashe daban-daban sun yi aiki a ƙarƙashinsa suka koma gida da abin da suka koya, ciki har da Urban Jürgensen na Denmark. Dabarunsa sun bazu ta wannan hanya, kuma bai hana ba. Abin da ya yaƙa shi ne a sa sunansa a kan aikin da ba nasa ba.

Ya rasu a Paris ranar 17 ga watan Satumban 1823 yana da shekara 76, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Agogo mai lamba 160 bai kammala ba. Ɗansa ne ya ƙarasa shi a 1827, shekara 44 bayan an yi oda, shekara 34 bayan kashe sarauniyar.

Zuriyarsa ta koma wasu fannonin. Jikansa Louis ya yi suna a harkar wayar tangaraho da lantarki, kuma sunansa na cikin 72 da aka zana a jikin hasumiyar Eiffel. Wani daga baya, Louis Charles Breguet, ya zama babban maƙerin jiragen sama. Ɓangaren agogo ya koma hannun shugaban ma'aikatan shagon, Edward Brown, a 1870, kuma tun 1999 yana ƙarƙashin kamfanin Swatch.

Sata a birnin Ƙudus

Agogo mai lamba 160 ya daɗe a shagon kafin a sayar wa wani Baturen Ingila a 1887. Daga hannu zuwa hannu ya isa ga Sir David Salomons, wanda ya fi kowa tara agogunan Breguet a zamaninsa.

Bayan rasuwarsa a 1925, 'yarsa Vera ta gaji wani kaso na tarin. Ita ta kafa gidan tarihin fasahar Musulunci na L.A. Mayer a birnin Ƙudus, wanda aka buɗe a 1974, aka kuma ajiye agogunan a can.

A daren 15 ga watan Afrilun 1983 wani ɓarawo ya lanƙwasa ƙarafan wata 'yar taga ya shiga, ya kwashe agoguna fiye da 100, har da na sarauniya. Shekara da shekaru babu labari.

Da aka fid da rai, Nicolas Hayek, shugaban Swatch, ya umarci ma'aikatan Breguet su sake ƙera shi. Ba su da na asalin a gabansu, sai zane-zane da bayanan da ke cikin kundayen gidan da kuma tsofaffin hotuna. Kowane ɓangare sai da suka yi shi daga farko.

Suna dab da gamawa, a watan Nuwamban 2007, gidan tarihin ya sanar cewa agogon ya dawo. Ɓarawon, Na'aman Diller, ya kasa sayar da shi domin duk mai harkar agogo a duniya ya san shi. Ya ɓoye kayan har ya mutu a 2004, kuma ta hannun lauyar matarsa aka mayar da su.

A watan Afrilun 2008 aka nuna sabon a bikin baje kolin agogo na Basel. An sa shi cikin akwatin da aka sassaƙa daga wata tsohuwar bishiya ta lambun Versailles da ake dangantawa da Marie-Antoinette, wadda ta bushe aka sare ta a 2005.

Kwafi ne, kuma kamfanin bai ɓoye ba. An ba shi lambarsa daban, 1160, domin kada wata rana a ɗauke shi a matsayin na 1827. Na asalin, wanda aka kiyasta darajarsa a kan dala miliyan 30, yana birnin Ƙudus, kuma a ƙarshen 2024 an kai shi aro Gidan Tarihin Kimiyya na Landan.

Wanda har yanzu ake nema shi ne agogon hannu na sarauniyar Naples. Kundin gyara ya nuna an kawo shi shagon a 1849, aka sake kawo shi a 1855, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Duk wanda ya fito da shi wata rana, za a buɗe shafin lamba 2639 a gwada abin da ke hannunsa da abin da aka rubuta a can.